Mai Walda Ya Yi Zuciya

Duk layin ya san Mai Walda da zuciya. Aikinsa ba a magana, ƙofar da ya haɗa sai dai bango ya faɗi ya bar ta a tsaye. Amma ka kuskura ka ce masa wani gefe ya karkace, sai ya cire baƙin gilashin nan ya kafa maka ido, har ka ji kamar kai za a liƙe. Ba ya zagi, ba ya duka. Shi nasa salon shiru ne. Ya koma gida ya kwanta, ya juya wa ɗaki baya, ya dafe ƙirji da hannu, abinci ya huce a gabansa.

A kan karatun wannan shiru matarsa ta yi furfura, kuma tana alfahari da ƙwarewarta. In 'ya'ya suka damu sai ta ce, "Ku bar min shi, zuciya ya yi." Ta haɗa shayi mai zafi, ta zauna a ƙarshen gado, ta yi ta ba ƙafafunsa haƙuri tunda fuskar ba ta samuwa. Babbar 'yarsu kan tsokane ta, wai ƙafar Baba ta fi kunnensa jin lallashi. Kafin shayin ya huce yakan juyo, ya ce sukari ya yi yawa, shi ke nan an shirya.

Abu ɗaya ne bai taɓa sassautawa a kai ba. Tartsatsi ya sha ƙona shi, ƙarfe ya sha yanka shi, amma ko ƙofar asibiti bai taɓa leƙawa ba. Ya sha faɗa a gaban kowa, "Duk wanda ya kai ni wurin nan, ban yafe ba."

Wata safiya yana tsugune a bakin shago, sai ƙarfen da yake riƙe ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi faɗa, magana ta ƙi fita, bakin ya karkace. Mai faci na kusa da shi ne ya rugo gida. Matar da kanta ta ce a sa shi a mota, ita ta riƙe kansa har asibiti, yana kallonta da ido ɗaya a lumshe.

Shanyewar ɓarin jiki ce, in ji likita, wata matashiya mai saurin magana da ba ta fi sa'ar 'yarsu ba. Aka kwantar da shi a gadon da ke jikin bango, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito 'yar ta tafi karɓo magani, don haka uwar kaɗai likitar ta samu.

"Mama, ban da shanyewar, jininsa ya nuna zuciya ta taɓu. Anjima za mu sake ɗiba, mu ga ko abin yana hawa."

Ashe har a jini ake ganinta! Ta dubi mijinta: fuska ga bango, hannun hagu a kan ƙirji, abincin da aka kawo ko kallo bai yi ba. Wannan kwanciya ta san ta kamar tafin hannunta, ta kuma san wanda ya taɓa zuciyar. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, kada mutumin nan ya tafi bai yafe mata ba.

Ta zauna a ƙarshen gado ta riƙe ƙafarsa. "Baban yara, ka yi haƙuri. Ni na kawo ka, na sani. To ya zan yi, in bar ka a ƙasa?" Bai juyo ba. Gumi ne kawai ke tsatstsafo masa a goshi, yatsunsa suna matse rigar asibitin.

Bayan azahar wata nas ta leƙo ta ce gwaji na biyu ya fito, abin ya hau sosai, za ta kira likita. Matar ba ta jira ƙarshen zancen ba. Yaya ba zai hau ba, an ajiye shi a inda ya fi tsana, ana ta huda shi da allura? Maganin yana gida, a ɗakinsa, da shayinta. Ta tura kayansu cikin jaka, ta jawo keken marasa lafiya da ta gani a baranda. Tana kokawar zura hannu ƙarƙashin kafaɗarsa likitar ta shigo.

"Mama! Ina za ki kai shi?"

"Gida, 'yata. Ke kika ce zuciya ce. Ba ki san shi ba, in ya yi zuciya ni kaɗai ke iya sauko da shi."

Likitar ta tsaya cak, sannan ta kama hannun matar ta ɗora shi a ƙirjin mijin. "Ba fushi nake nufi ba, Mama. Wannan tsokar da ke bugawa. In ta ji rauni akwai wani sinadari da take zubarwa cikin jini, shi muke aunawa. Wani lokaci shanyewar ce ke girgiza ta, wani lokaci ita ma hanyar jininta ce ta toshe. Tun yaushe yake dafe da ƙirji haka?"

"Tun safe. Ai haka yake yi in ransa ya ɓaci."

"Ya saba yi a gida?"

Sai matar ta tuna. A shekarar nan kwanciyar ta yi yawa. In ya ɗauko ƙarfe mai nauyi ya kwanta, in ya hau matakala ya kwanta, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Ita kuma ta yi ta ba da haƙuri a kan laifin da ta nema ta rasa.

Likitar ba ta jira amsa ba, ta ƙwala wa nas kira. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, aka gungura gadon da gudu, ƙofa ta rufe a fuskar matar. Nan 'yar ta dawo ta same ta tsaye, har yanzu tana riƙe da keken da babu kowa a ciki.

Ya rayu. Bayan kwanaki aka sallame shi, ƙafa tana ja, magana ba ta dawo ba, shagon kuma aka sa masa kwaɗo. An gaya wa matar in ya sake dafe ƙirji kada ta tsaya komai, ta dawo da shi asibiti.

Ranar farko a gida ta kai masa shayi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ture kofin, ya juya ga bango. A hankali hannun hagu ya hau ƙirji. Ta tsaya a kansa, tana duban bayan da ta tsufa tana karantawa.

"Baban yara," ta ce, "sukarin ne, ko in kira mota?"