Ƙafar Bitrus da Birkin Alhaji Mani

Cikin ranakun da na yi a bakin aiki, akwai wata Asabar ta damina da har yau ban manta da ita ba. Kafin wannan rana, abin da na yi imani da shi shi ne, duk mai motar da ke jayayya da bakanike rashin bayani ne ya jawo, kuma idan aka samu allo da alli da mutumin da ya yi karatu, babu gardamar da ba za ta mutu ba. Da wannan imani na fito daga jami'a, da shi kuma na kama aiki a garejin wata hukumar aikin gona a Funtua, a ƙarshen shekarun 1980, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, muƙamina a lokacin shi ne mataimakin injiniya. Sama da ni akwai babban injiniya, wanda yawanci yana ofis, ƙasa da ni kuma akwai shugaban makanikai da mutanensa. Aikinmu na ainihi gyaran taraktoci ne da motocin hukuma. Amma da yake mu kaɗai ke da ramin duba ƙarƙashin mota mai kyau da injin ɗaga mota a wannan yanki, an yarda mu riƙa duba motocin mutanen gari ranar Asabar. Ƙa'idar ita ce, makanikai su bincika, ni kuma in yanke hukunci a kan abin da ke damun motar. Sannu a hankali masu motoci suka mayar da gindin darbejiyar ƙofar gareji majalisa. Wasu ma lafiyar motarsu ƙalau, suna zuwa ne don su ba da shawara a kan ta wasu.

A wannan Asabar ne Alhaji Mani ya iso. Babban ɗan kasuwar auduga ne, wanda a ƙuruciyarsa ya yi tuƙin babbar mota kafin Allah ya buɗa masa. Bai daɗe da sayo wata doguwar mota ƙirar Jamus ba, irin wadda ba a taɓa gani a garin ba. Direbansa, Malam Bitrus, dattijo ne mutumin Gozaki, kuma dattijon coci, wanda ya daɗe yana tuƙa Alhaji. Ya fito ya buɗe wa maigidansa ƙofa, sannan ya koma gefe ya tsaya, hularsa a hannu.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Injiniya, abu biyu na kawo maka, mota da direba. Ɗaya daga cikinsu ya lalace. Kai za ka gaya mini wanne ne."

Abin da ya faru shi ne, suna dawowa daga Malumfashi cikin ruwan sama, jaki ya faɗo kan titi. Malam Bitrus ya taka birki da ƙarfi, motar ta yi wani irin gurnani, ta tsaya ba ta taɓa jakin ba. Amma Alhaji, daga kujerar baya, ya ga gwiwar direbansa tana karkarwa kamar mazari. Malam Bitrus ya ce birkin ne ke harbinsa a tafin ƙafa. Alhaji ya ce shi ya yi tuƙi tun ana tayar da mota da hannu, bai taɓa ganin birkin da ke rama duka ba. Saboda haka ko dai tsufa ya kama Bitrus, ko kuwa ya fara shan abin da bai saba sha ba. Idan har motar lafiya lau take, to a ranar zai karɓi makullinsa.

Malam Bitrus bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ka san ko goro ba na ci."

"Na sani. Shi ya sa abin ya ba ni tsoro."

Na sa aka hau da motar kan rami. Kafin makanikai su kwance taya ɗaya, majalisa ta riga ta gano cutar. Alhaji Tanko, mai akori-kura da ke jigilar hatsi zuwa kasuwannin ƙauye, ya zagaya motar ya daddaki taya da ƙafa.

"Ga matsalar nan. Mota kamar gida, ƙafafu kamar na akuya. Alhaji, ka sa mata tayoyin akori-kura a baya, ka ga ko za ta sake rawar jiki."

Na ce masa kowace mota akwai lambar tayar da aka ƙera ta da ita, kuma wannan idan aka bambanta mata gaba da baya birkinta zai rikice. Ya ce shi tayoyinsa huɗu babu biyu masu lamba ɗaya, kuma ko jiya ya je Matazu ya dawo.

Shi kuwa Malam Lado, hedimasta mai ritaya, wanda ke da wata tsohuwar ƙaramar mota, ya leƙa inda wani bakanike ya ciro matacin iskar da ke shiga ɗakin mota. Ya ɗaga shi sama, ya ga ya yi baƙi da ƙura.

"Shaƙuwa take yi. An toshe mata hanci da wannan tsumma, ina za ta yi numfashi? A jefar da shi."

Na bayyana masa cewa wannan mataci ba ruwansa da inji, balle birki. Aikinsa tace iskar da mutanen cikin mota ke shaƙa, kuma idan ya yi datti sabo ake sawa.

Malam Lado ya dube ni da tausayi. "Iskar da Allah ya ba mu kyauta, ita ma sai Bature ya tace ya sayar mana? Alhaji, a wanke shi da sabulu a shanya."

Binciken makanikai bai nuna komai ba. Man birki cike yake, faifan birki sumul, babu inda ke yoyo. Ni kuwa na riga na san abin da ke faruwa, domin na karanta shi, ko da yake ban taɓa taɓa shi da hannuna ba. Motar tana da sabon tsarin birki mai aiki da lantarki. Idan aka taka da ƙarfi a kan santsi, wata na'ura tana lura da kowace taya, da zarar ta ga taya za ta ƙame ta fara jan ƙasa, sai ta sassauta ta sake matsewa da sauri. Wannan matsewa da sakewa ne direba ke ji a tafin ƙafarsa.

Na ga halin da nake ciki. Idan na ce motar lafiya lau, na kori dattijo daga aikinsa da sunan mashayi. Idan na ce ta lalace, na yi ƙarya. Amma ban damu ba, domin ina da allo. Na sa aka fito da shi gindin darbejiya, na zana taya, na zana waya, na zana akwatin na'ura da kibiyoyi masu shiga da fita. Na yi bayani mai tsawo, kuma har yau ina ganin bayanin daidai ne. Na rufe da misalin da na tabbata zai shiga kan tsohon direba.

"Alhaji, ka tuna yadda kuke yin famfon birki a kan santsi, ku taka ku saki, ku taka ku saki? To motar nan da kanta take yin famfon."

Alhaji ya ƙura wa allon ido. Na ɗauka na gama aiki.

"Da kanta?"

"Da kanta, ranka ya daɗe."

"To, Injiniya, idan mota ce ke yin famfon, shi Bitrus aikin me yake yi mini?"

Majalisa ta amsa da cewa wannan tambaya ce mai ma'ana. Alhaji Tanko ya ce ga ɗan ƙanensa nan yana neman tuƙi, tunda motar ta iya da kanta. Malam Bitrus ya dube ni, ya ce a hankali, "Injiniya, da ka bar ni a kan shan giyar, da ta fi sauƙin ƙaryatawa."

Ban san abin da ya sa na faɗi abin da na faɗa daga nan ba, domin ba ya cikin abin da aka koya mini. Na roƙi Alhaji ya shiga ya tuƙa motar da kansa. A bayan gareji akwai filin jar ƙasa da muke gwada taraktoci, ruwan safe ya jiƙa shi ya yi santsi, a ƙarshensa kuma akwai masarar da ma'aikata suka shuka, ta fi mutum tsayi. Na ce ya ɗan ba ta wuta, idan na ce ya taka, ya taka iya ƙarfinsa, kada ya ɗaga ƙafa ko me ya ji.

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa. "Ni za ka koya wa taka birki?"

Na zauna kusa da shi. Malam Bitrus ya tsaya a waje yana jujjuya hula, sai Alhaji ya nuna masa kujerar baya. Ya shiga a ɗarare, ya zauna a gefen kujerar kamar baƙo a gidan surukai.

Muka tashi. A tsakiyar fili na ce, "Taka." Alhaji ya taka. Motar ta yi gurnani, birkin ya fara harbi. Alhaji ya ɗauke ƙafarsa, ba ɗaya ba, duka biyun, ya naɗe su a kan kujera yana salati. Daga baya muryar Malam Bitrus ta zo a natse.

"Taka, Alhaji. Ba ta cizo."

Alhaji ya miƙa ƙafa ya taɓa, birkin ya sake harbinsa, ya sake janyewa. Gudun ya riga ya ragu sosai, saboda haka a hankali muka shiga masarar, tana kwanciya a gabanmu kunya bayan kunya, har motar ta gaji ta tsaya. Ganye ya rufe gilasai ta ko'ina. Muna jin majalisa tana tahowa da gudu, Malam Lado yana gaya wa mutane cewa shi ya faɗa tun farko, shaƙuwa ce.

Sannan Alhaji ya gyara hularsa, ya juya baya.

"Bitrus, haka take yi maka?"

"Duk sanda aka yi ruwa, Alhaji."

"Kuma ba ka ɗaga ƙafa?"

"In da na ɗaga, ai da mun hau jakin."

Alhaji ya buɗe ƙofa ya ture masara ya fito, ya zagayo ya buɗe ta baya da kansa. "Fito ka karɓi motarka. Wannan kujera tawa ce."

Da majalisa ta iso, Alhaji Tanko ya sake kawo zancen ɗan ƙanensa. Alhaji Mani ya ce masa wannan mota ba ta yara ba ce, sai mai zuciya, domin birkinta rai gare shi. Ya ce shi kansa da ƙyar ya shawo kanta. Ya biya ma'aikata masararsu, ya yarda a bar tayoyin yadda suke, amma a kan mataci ya bi shawarar Malam Lado, aka wanke da sabulu.

Na sha tambayar kaina ko bayanina ya yi wani amfani a ranar. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne ya yaɗu, amma ba yadda na yi shi ba. Asabar ta gaba masu motoci suka zo suna tambayar ko za a iya sa wa tasu birki mai rai irin na Alhaji. Malam Lado kuwa, wanda faifan birkinsa ya karkace har motarsa ke karkarwa da gaske idan ya taka, ya hana mu canza shi. Ya ce tasa ma da kanta take yin famfo, kuma ni na faɗa a kan allo. Sai da na zaunar da shi a bayan sitiyari a busasshen fili, ya taka, motar ta ja shi gefe ta nufi ragowar masarar, sannan ya yarda.

Abin da na koya shi ne, mai mota yana sauraron injiniya da kunne, amma da ƙafarsa yake yarda. Malam Bitrus ya ci gaba da tuƙa Alhaji har ya yi ritaya don kansa. Allon kuwa na mayar da shi sito, ma'aikata kuma suka daina shuka masara a ƙarshen filin.