Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Yusri

Shekara tara ke nan Najat ba ta wuce bakin layinsu a Damanhur ba. Tun ranar da ɓarin jikin mahaifinta na hagu ya shanye ta ajiye aikin buga takardu, ta dawo hawa na huɗu ta zauna. Burodi, wake, magani, duk a kwando suke hawowa: ta zura igiya daga baranda, a saka mata, ta jawo. Ƙannenta biyu suna ƙasar waje, iyakarsu waya ranar Juma'a da "Allah ya saka miki, Yaya."

Amma hannun da ya saba da bugu ba ya zama haka nan. Kullum sai ta buɗe tsohuwar kwamfutarta ta rubuta fayil guda: abin da Baba ya ci, maganin da ya sha, abin da ya ce, lokacin da bakin ke iya cewa wani abu. Fayil sama da dubu uku, duk a folda ɗaya.

Mai saka magani a kwandon shi ne Yusri, mai kemis ɗin da ke ƙasan benensu, wanda matarsa ta rasu da daɗewa. Sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana cewa sai Baba ya ji sauƙi. Wannan karon takarda ya saka a ƙarƙashin kwalbar man zaitun: zai koma Iskandariyya ranar Asabar, yana son amsa kafin nan, ko wace iri ce.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, tana da tabbacin Baba ya taɓa yin magana a kan Yusri, tun kafin bakinsa ya rufe gaba ɗaya. Ta san ta rubuta. Ranar ce ta ɓace mata, da ainihin abin da ya ce.

Manhajar da take rubutu da ita fayil ɗin da ke buɗe kaɗai take bincikawa. Wa zai buɗe dubu uku ɗaya bayan ɗaya? Ta kira Tahani, tsohuwar abokiyar aikinta, wadda ta iya waɗannan abubuwa, ta kuma iya tsiya.

"Wai sai kwamfuta ta ba ki izinin aure? Ke Najat, Allah ya shirye ki. Mutum na ƙasa yana tsufa, ke kina sama kina bincike."

Duk da haka ta nuna mata. Najat ta buɗe fayil ɗin saiti, ta rubuta inda foldar take, ta ƙara layin da zai sa da ta buga kalma a akwatin bincike, manhajar ta bi duk fayilolin da kanta. Sau uku abin na ƙi, ashe waƙafi guda ta manta. Tana tsakar gyara Baba ya yi tari, ta je ta juya shi, ta dawo.

Da ya yi aiki sai ta buga sunan. Sakamako ya zubo kamar an kwance bakin buhu: dubu biyu da ɗari tara da wani abu. Najat ta riƙe baki. Ita da ko a zuci ba ta cika yarda ta ambaci mutumin nan ba?

Sai da ta karanta layin farko ta gane. Da Larabci take rubutun, kuma kamar kowa a garin, ba ta sa wa harafin yā'u na ƙarshen kalma ɗigo biyunsa. To Yusri ba ɗigo, da yusra, wato hagu, rubutunsu ɗaya ne. Hannun hagu ya kumbura. Ƙafar hagu ta yi sanyi. An shafa wa hagu mai. Ta je neman kanta a cikin shekara tara, ba ta samo komai ba sai ɓarin jikin Baba. Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Abin haushin ma, Baba malamin Larabci ne, shekara talatin yana jan kunnen ɗalibai a kan waɗannan ɗigo biyu, ita ma ta sha nata.

Tahani ta ce abu ne mai sauƙi, hagu ai da "al" take zuwa a farkonta, ta sa manhajar ta tsallake duk mai "al". Najat ta ƙara layin. Dubban nan suka ragu zuwa goma sha ɗaya. Goma daga ciki, Yusri ya aiko da magani ne kawai.

Na sha ɗaya, shekara shida da suka wuce ne, wata Talata. Layi guda: "Baba ya ce kada in saki", sai kalmar, tsirara, ba ɗigo ba "al".

Ta karanta ya fi sau ashirin. A watannin nan Baba yana cinye farkon kalmomi, har da "al", ita kuma yadda ya faɗa take bugawa. A watannin ne kuma likita ya ce a riƙa motsa masa hannun kullum kada ya sandare. Kuma a watannin ne Yusri ya fara neman aurenta. Layin da ke sama miyar rama ce, na ƙasa maganin ƙarfe huɗu. Ranar ta ji da kunnenta, ta san wanda yake nufi. Yanzu wallahi ba ta sani ba, kuma ta ji tsoron kada zuciyarta ce ke zaɓa mata.

Ranar Asabar da hantsi aka ja igiyar daga ƙasa sau biyu, yadda Yusri ke yi. Ba ta leƙa ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado.

"Baba, wanne ka ce kada in saki? Hannun, ko mutumin?"

Ya dube ta, leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Aka sake jan igiyar. Ƙarfe goma ya yi, lokacin shafa mai. Ta buɗe kwalbar ta ɗago hannun nasa na hagu, hannun da shekara tara bai riƙe ko cokali ba, balle mutum. Ta ga da idonta ita ce ke riƙe da shi. Ta ci gaba da murzawa har igiyar ta daina motsi.