Allon Kalmomin Kaka

Jiya na kai ɗinki, tela ya girgiza wata 'yar jaka yana neman maɓalli. Ƙarar nan ta tsayar da ni cak a bakin shagon. Haka jakar kakana take ƙara, wadda yake zuba 'yan guntayen katako masu baƙaƙen Turanci.

Kaka tsohon malamin firamare ne. Ya koyar a Dutsi da ƙauyukan kewaye har ya yi ritaya, ya dawo gidanmu na cikin Daura. Abokinsa guda ne, wani tsohon malamin dabbobi da ke hawo babur daga Mai'adua duk Asabar. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a zaure, su buɗe allo mai gidaje-gidaje, kowa ya ɗebi baƙaƙe bakwai yana haɗa kalma. Ni ce mai riƙe ƙamus, lokacin ina aji biyar. Dokar Kaka ita ce duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, ni kuma in duba in tabbatar. A zauren nan na san yoke karkiya ce, husk ƙaiƙayi, udder kuwa hantsar saniya. Malamin dabbobi kullum da kalmomin shanu yake zuwa, Kaka na yi masa tsiya wai har Turancinsa warin garke yake. Wanda aka cinye shi ke sayen goro biyu wajen mai tire, su fasa su ci tare.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, samarin unguwarmu suka tashi haiƙan suna tarwatsa majalisun 'yan karta. Baffana, autan Kaka, yana cikinsu. Kada ka ɗauka mugu ne. Shi ke kai ni makaranta a keke, kuma tsakani da Allah yake abin da yake yi.

Wata rana cikin bazara, ina wanke-wanke a gindin rijiya, shi yana alwala, na ce masa cikin alfahari, "Yau ma Kaka ya cinye malamin dabbobi, shi zai sayi goro."

Ya dakata da buta a hannu. "Wanda aka ci shi ke saye?"

"Kullum ma," na ce, ina dariya.

Asabar ta zagayo. Zafi ya yi zafi, ko ganye ba ya motsi. Ana tsakiyar wasa Baffa ya yi sallama, shi da abokansa uku, wasu yara kuma suka cika ƙofar zaure suna leƙe. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Baba, mun hana 'ya'yan wasu caca, ga ta a zaurenmu."

Kaka ya cire tabarau. Ya ce karatu ne, kalmomi ne, su duba da idonsu. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗauki takardar da ake rubuta maki ya ɗaga, ya ce to wannan lissafin fa? Sai Baffa ya juyo gare ni.

"Ke, maimaita abin da kika faɗa mini."

Na riƙe ƙamus a ƙirji. Na dubi Kaka. Ya ce, "Faɗi, amarya. Kada ki yi ƙarya saboda ni." Da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji na maimaita zancen goron.

Kaka bai yi musu ba. Da hannunsa ya kwashe baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka, ya naɗe allon, ya miƙa wa ɗansa. Malamin dabbobi ya laluba takalmansa, ya tura babur har ƙarshen layi kafin ya tayar. Da yamma na ji ƙaurin fentin allon daga murhun Inna.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma zance ya zaga unguwa cewa an kama tsofaffi biyu suna caca, kuma ɗan cikin ɗaya ne ya kama su. A da, in liman ba ya nan Kaka ake turawa gaba. Daga ranar, sai a waiga a nemi wani. Babu wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambaya ba. Ya koma sahun baya, kusa da takalma.

Malamin dabbobi bai sake zuwa ba. Kunya ce, ina jin, ko kuma gudun ja wa abokinsa wata magana. Kaka ya sha cewa in ruwa ya ɗauke zai je Mai'adua. Ana cikin damina, gero ya kai gwiwa, wani ɗan acaɓa ya kawo labarin rasuwar malamin dabbobi, har an yi sadakar uku.

Duk Asabar Kaka yakan shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna shi kaɗai. Ni kuwa na riƙa bi ta ƙofar baya don kada mu haɗa ido. Bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Na so ya yi. Ya rasu kafin in gama aji biyu na sakandare, ban ba shi haƙuri ba, don a lokacin ban san yadda ake fara irin wannan magana da tsoho ba.

Yanzu Baffa ya yi furfura, shi ke zama a zauren. Wasan nan kuma ya shiga makarantu, har gasa ake yi ana ba da kyauta, iyaye na tafi. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe shi, ya ce autarsa za ta wakilci makarantarsu a Katsina, ko zan riƙa koya mata ma'anonin kalmomi, tunda ni na iya. Yana maganar yana kallon tabarma. Na buɗe baki in tambaye shi ko ya tuna inda na koya, sai na ga ya ƙara sunkuyar da kai yana jan carbi, na fasa.

Na ce ya turo ta ranar Lahadi.