Kwandon da Kaka ta Gyara

Warin ruɓaɓɓiyar albasa dai kowa ya san shi, kowa kuma toshe hanci yake. Ni kam in na ji shi raina ne yake ɓaci, don yana tuna mini ranar da na neme shi ido rufe ban same shi ba.

A Wurno na tashi, gidan da albasa ce abincinmu da suturarmu. Da bazara ake cire ta a fadama, a shanya, a zuba cikin rudu, wato rumbun kara da ake ɗorawa bisa duwatsu, a jira ta yi daraja. Kafin damina ta kankama sai ka ga ruwa baƙi yana ɗiga ta ƙasan rudun, ƙudaje sun taru. Baba ya buɗe, ya kwashe abin da ya lalace, ya ce haka Allah ya so. Kowace shekara haka. Ni kuwa tun ina ƙarama abin yake ba ni haushi.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare malamarmu ta kimiyya ta ce za a yi gasar ƙere-ƙere ta makarantun Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda sunka ci su wuce Sakkwato. Na ce ni rudu zan yi. 'Yan ajinmu sunka yi ta dariya. Ban kula su ba. Na saƙa ƙaramin rudu da kara, na huda bututun roba na tsayar a tsakiya, na ɗaura mishi 'yar fanka da malama ta ciro daga matacciyar kwamfuta, na haɗa ta da faifan sola na tsohuwar fitilarmu. Rana na fitowa fankar ta kama juyawa, tana zuƙe zafin da ke cikin albasar. Kusa da shi na saƙa wani rudun irin na kullum, ba fanka. Albasa iri ɗaya, daga gona ɗaya, na raba musu.

Baba ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce in dai wagga aba ta kai ni Sakkwato, to zai bar ni in tafi makarantar kimiyya ta kwana da nake ta yi mishi naci a kanta. A gaban Inna ya faɗa.

Da ruwa ya sauka, abin da nake fata ya faru. Albasar rudu mai fanka tana nan jawur, tauri kamar dutse. Ta ɗayan kuwa rabi ta narke. Ka gane, wannan ruɓar ita ce shaidata. In ba ita, mi zan nuna? Jajibirin gasa na juye kowace a kwandonta, na rufe da buhu, na ɗaure, na aje a zaure.

Saura Kaka, mahaifiyar Baba. Ita ce ba ta barin baƙo ya sha ruwa a kofin da bakinshi ya ɓare. Tun la'asar take zagaya kwandunan tana yamutsa fuska.

"Ke 'yar boko, mi na na ke wari haka?"

Na yi mata bayani, ta ce uhum, ta wuce.

Da safe munka loda kaya a motar haya. Har munka isa Goronyo, inda ake gasar, ba wanda ya yi ƙorafin wari, ni kuma wauta ta sa na ɗauka iskar hanya ce ta taimake ni.

Alƙalai uku sunka zo teburina. Na yi jawabi tiryan-tiryan, fanka na juyawa. Na buɗe kwandon farko, sunka gyaɗa kai. Na kwance na biyu, na yaye buhu. Albasa manya-manya, zaɓaɓɓu, suna sheƙi, sun ma fi na farkon kyau. Kwandon kanshi an wanke shi tas.

Babbansu ya ɗauki guda ya juya ta, ya ce, "To, 'yan mata, ai rudun da ba fanka ya fi naki."

Na ce wallahi an canza mini ne, jiya ruɓaɓɓiya ce. Na ce su aika gidanmu su duba juji, ko su tambayi malamata. Malama ta buɗe baki, shugaban makarantarmu ya harare ta, ta ja da baya. Ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa kada in ja musu abin kunya, ba a jayayya da manya. Ko tambaya ɗaya ba su yi mini ba kan yadda iska ke bi ta bututun. Sunka wuce teburin wasu samari da sunka kawo gidan kwali mai fitilu, in ka tafa hannu su kama. Can sunka daɗe suna tafi kamar yara. Shi ya ci. Wa gidan kwali ya taɓa ciyarwa a ƙasar nan?

Ina shiga gida ko hijabi ban cire ba na nufi ɗakin Kaka. Ba ta ko musa ba. Bayan sallar asuba ta kwance kwandon, ta zubar, ta wanke, ta ciko shi daga rudun Baba.

"Ina raye a ɗauki ruɓa daga gidan ga a kai gaban mutanen Goronyo? Su ce albasar Wurno ke nan? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Na ce, "Kaka, ruɓar anka ce in kawo."

Ta ce, "Wanda yac ce haka bai da uwa a gida."

Na ɗaga murya, shi ke nan laifi ya dawo kaina. Inna ta ce in ba Kaka haƙuri. Baba ya ce sharaɗi ya gindaya, ban cika ba. Ba wanda ya ce wa tsohuwar ko kanzil. A makarantar jeka-ka-dawo ta garinmu na ƙare sakandare.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bazarar da ta biyo baya Baba ya sayo babbar fanka da faifan sola ya sa wa rudunshi, bai ce mini komai ba. Yanzu maƙwabta sun kwaikwaya, har daga Lahodu ana zuwa kallo. Kaka kuwa ta zauna bakin zaure tana gaya wa kowa dabarar jikarta ce, ita ta rene ni. Har yau ba ta yarda ta yi kuskure ba, ni ma ban ce na yafe ba.

Bana ƙanwata ce za ta gasar. Matatar ruwa ta haɗa da yashi da gawayi, ta ɗebo ruwan Rima jajir da laka a jarka, don a gani kafin a tace da bayan an tace. Shekaranjiya na tarar da Kaka tsaye kan jarkar tana leƙawa, tana tambaya ko wannan za a kai gaban mutane alhali ga ruwan randa garau.

Jarkar tana cikin akwatina yanzu, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ranar gasa ni zan rungume ta a cinya har Goronyo.