Man Suya a Lambatun Highbridge

Ana gama Babbar Sallah ta 2013, malamar kimiyya ta shigo ajinmu, a unguwar Highbridge da muke zaune a ƙasar waje, da wani faffaɗan faranti cike da ruwa. Ta gina gaɓar teku da yumɓu, har da wani lungu inda teku ke kutsowa cikin gari. Ta ɗiga shuɗin tawada a bakin lungun, tana karkata farantin a hankali kamar cikowar teku da janyewarsa. Mun zaci shuɗin zai fita ya ɓace. Ina! Sai ya dinga zagaye a wuri guda, har lungun ya rine. Ta ce in aka yi ruwa mai ƙarfi, abin da aka zuba a lambatun titi yakan faɗa kogi, ya ƙare a irin lungun nan da mutane ke wanka da kamun kifi.

Nan take na tuna da gidanmu. A makon nan Umma ta soya naman layya, kuma tun da mai kula da gininmu ya yi faɗa kan toshewar famfo, ni ake ba tukunyar ragowar mai in sauko in juye a lambatu, kamar yadda take zubar da ruwan wanke-wanke a kwata can Kano.

Malama ta tambaya wa ya taɓa ganin ana zuba abu a lambatu. Sai Fati, maƙwabciyarmu 'yar Gana, ta ɗaga hannu, ta nuna ni: "Mamar Habiba!" Aji ya kwashe da dariya. Na sunkuya ina murza bakin hijabina, kunnuwana kamar wuta.

Da na koma gida na fashe da kuka, na ce wa Umma ta sa an yi mini dariya. Na ɗauka za ta sauka gidan su Fati. Umma ta ajiye ludayi, ba ta ko tambayi wa ya yi dariyar ba.

"Wato akwai bayin Allah da ke shiga ruwan? Wani ma ya yi alwala?"

Na ce haka Malama ta ce.

"Innalillahi. 'Yar nan, kawo mini robar nan."

Daga ranar a roba muke tara mai, mu toshe, mu sa a shara. Ta daɗe tana ambaton mutanen lungun a addu'arta, mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Yanzu ni ke suya a nawa gidan, roba tana nan ƙarƙashin famfo, Umma kuwa ta koma Kano. Ranar nan mu biyu muka ji kunya, amma ni ta 'yan aji na ji, ita ta Allah.