Ranar da Yaya Ya Sauko Tudun Lyon da Ƙafarsa

Mun tashi da asuba daga gidana na unguwar Château Rouge, masu shagunan nama da na atamfa ko ƙofa ba su buɗe ba. Mu biyu ne, ni da yayana, wanda ya zo daga Damagaram aka yi masa aikin ƙugu a nan Paris. Tsohon direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya. Amma tun da aka sallame shi daga asibiti ya koma wani daban. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Likita ya duba ya ce ƙarfen da aka sa masa ya zauna daram, saura tafiya, in kuwa bai riƙa taka ƙafar ba za ta mace masa. Na yi lallashi, na yi ɗan faɗan da ƙane ke iya yi wa wansa, duk a banza. Tsoron faɗuwa ya riga ya shige shi, ga ranar komawarsa gida tana matsowa.

Ƴarsa ce ta samo kansa. Tana karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon. Ta kira shi a waya ta ce, "Baba, haka za ka koma ba ka ga inda nake kwana ba? In Inna ta tambaye ka, me za ka ce mata?" Wannan maganar ce ta fito da shi.

Jirgin ƙasan Lyon ya bar gar, wato tashar jirgi, yana sulalewa kamar ba ya so, can sai ya saki jiki. Yaya ya manne da taga yana kallon gonaki kore shar da fararen shanu masu ƙiba, ya ce tafiyar da yake kwana a hanya yana yi da kamiyo ce wannan abu ke haɗiyewa kafin hantsi. Na sayo mana kafe a cikin jirgin. Da ya ji kuɗinsa sai ya ƙi ajiye kofin har ya lashe ɗigon ƙarshe.

A gar ta Lyon ƴar tasa na jiran mu. Ta durƙusa tsakiyar Turawa ta gaishe shi gaisuwar gida, doguwa, har da tambayar kaza da akuya. Muka hau taram, jirgin da ke bin titi, zuwa ɗakinta. Ɗan mitsitsi ne, in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango biyu, amma tsaf. Yaya ya gwada makullin ƙofa, ya leƙa tukunya, ya gamsu. Har ya fara neman wurin kishingiɗa ta ce, "A'a Baba, sai kun ga tsohon gari." Ya ce to a kira taksi. Ta ce mota ba ta shiga can. Ya harare ni kamar ni na gina garin.

Daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito wani ƙaton fili mai jan tsakuwa da ake kira Bellecour. A tsakiyarsa akwai gunkin wani tsohon sarki bisa doki, kuma Yaya ne ya lura ba shi da likkafa. Daga nan muka taka a hankali zuwa gadar kogin Saône. Jama'a, a nan ni kaina na tsaya. Gidaje ne jere a bakin ruwa, wani ruwan ƙwai, wani ruwan goro, wani jaja-jaja kamar ƙasar gini, inuwarsu na rawa cikin kogin. Bayansu tudu ya tashi lulluɓe da itatuwa, bisa kansa farar majami'a. Na daɗe a ƙasar nan, amma Paris ba ta taɓa ba ni irin wannan natsuwar ba.

Tsohon garin da duwatsu aka shimfiɗe shi, ƙafafun mutane sun goge su sumul. Yaya ya riƙe sanda da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe damtsena har ina jin faratansa. Idonsa na ƙasa, ba ya ganin komai sai inda zai sa ƙafa. Can ƴarsa ta tura wata tsohuwar ƙofar katako ta ce mu shiga. Ya ja ya tsaya.

"Gidan mutane, ba sallama?"

Ta yi dariya ta ce hanya ce, sai dai a yi shiru don akwai masu zama a sama. Muka bi wani dogon zaure mai duhu da sanyi, sai ga mu a tsakar gida. Ga tsohuwar rijiya, ga matakala tana murɗawa sama cikin hasumiya kamar katantanwa, ga furanni a tagogi. Muka sake shiga wani zauren, muka ɓullo wani titi daban. Ta ce ta irin waɗannan hanyoyi masu siliki ke wucewa da kayansu a da, kada ruwan sama ya taɓa su. Yaya ya ɗaga kai karo na farko. Ya ce wannan ai lungunan Birni ne na Damagaram, inda suke ɓuya suna yara, baƙo ya shiga sai an fito da shi. Ya shiga ba mu labari, bai ma san ya saki damtsena ba.

Gidajen abinci a unguwar kamar su yi magana don kyau, amma yawancin girkinsu da naman alade ne, sai ka yi tambaya kafin ka zauna. Mu kifi muka ci da dankali. Bayansa ta kawo mana wani burodi mai jan alewa a ciki, wanda garin ke alfahari da shi. Yaya ya ce zaƙinsa ya yi yawa, sannan ya cinye nawa.

Tudun kuwa da wani ɗan jirgi muka hau shi, igiyar ƙarfe ke jan sa. Daga sama Lyon duka ta kwanta a gabanmu, jajayen rufi iya ganinka, koguna biyu sun sa tsakiyar gari a tsakiya, can nesa duwatsu masu farin kai. Cikin majami'ar ba inda aka bari ba ado, tun daga ƙasa har rufi. Ko ba addininka ba ne ka san masu aikin sun ba da ransu. Muka samu gefen lambu muka yi azahar, Yaya a zaune bisa benci.

Kaɗan gaba akwai dandalin wasa na mutanen Rum, wanda ya girmi duk abin da muka gani. Kujerun dutse ne hawa-hawa, sun gangara kamar ƙwarya. Ƴarsa ta sauka har ƙasa, ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba, "Baba, kana ji na?" Muka ji ta sarai. Ta ce ya sauko. Ya dubi matakalar, ba abin dafawa, ya girgiza kai.

Muna nan sai ga wata tsohuwar Baturiya, kai fari fat, ta raɓa mu tana sauka ɗaiɗai. Ta ga sandar Yaya, ta tambaye ni da Faransanci ko ƙugu ne. Na ce e. Ta bubbuga nata dama da hagu ta ce duka biyun ƙarfe ne, kuma kowane mako sai ta zo nan. Ta wuce abinta. Na fassara masa. Ya bi bayanta da kallo.

"Wannan ai ta yi sa'ar Innarmu," ya ce. "Riƙe mini hula."

Da bismilla ya fara, ƙafa mai lafiya tana jiran marar lafiya. Ina gabansa da baya-baya. Da ya kai ƙasa gumi ya jiƙa masa riga. Tashar ɗan jirgin na nan kusa, na nuna masa. Ya ce a'a, ta ina masu ƙafa ke bi?

Wata tsohuwar hanya ce mai gangara sosai, ita ma ta duwatsu, gidaje na matse ta. Mun yi nisa sandarsa ta zame bisa wani dutse mai santsi. Ƴarsa ta yi salati. Kafin hannuna ya kai gare shi nauyinsa duka ya faɗa kan ƙafar da aka yi wa aiki, ya yi tangal-tangal, ya tsaya. Ya dubi ƙafar, ya ɗaga ta, ya sake dire ta.

"Ta riƙe ni," ya ce a hankali. "Wallahi ta riƙe ni."

Ya zauna bisa dakalin wani gida, ya share ido da hannun riga. A nan ya faɗa mana abin da bai taɓa faɗa ba, cewa ba ciwon yake tsoro ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ya koma Damagaram a riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci kamar kaya. Ƴarsa ta zauna kusa da shi. Da ya huta muka ƙarasa har bakin kogi, rana ta yi sanyi, ruwan ya koma kalar zuma.

Da yamma ta raka mu gar, muka kamo hanyar Paris, Yaya na ta minshari. Ni dai tafiyar nan ta koya mini cewa gari irin Lyon ba a ganinsa ta tagar mota, sai ka ba shi ƙafarka da yininka. Ta kuma koya mini cewa mai tsoro ba faɗa yake buƙata ba, a kai shi inda idonsa zai samu abin kallo ya manta da ƙasa.

Washegari da safe na tashi ban gan shi a gado ba, ba ya kujera. Ina neman waya sai na ji ƙarar makulli a ƙofa. Ya shigo da burodi a hammata, yana haki, ya ce in yi maza in sa takalmi, ya gano wani titi mai hawa a bayan kasuwa, yana son ya ga inda ya ƙare.