Mutumin da na zaunar a ƙofar gidan Baba

Duk wanda ya ce maka fuska ce ke tona asirin hoton haɗi, bai san aikin ba. Ƙafa ce. Ka gina mutum a kwamfuta, ka yi masa hanci da gemu, ka sa masa riga har da aikin wuya, in dai ƙafarsa ba ta kama ƙasa ba, ko makaho ya shafa sai ya ce wannan a iska yake. Dole ka ɗan nutsar da diddigen cikin rairayi, ka shafa masa ƙura a idon sawu, sannan ka nemo inda rana take a ainihin hoton ka kwantar masa da inuwa ta bi sahun sauran inuwoyi. Na yi shekaru ina wannan aiki a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Sauri, kuma ba yabon kai ba, ban san wanda ya fi ni iya inuwa a garin nan ba.

Yawancin masu kawo mani aiki masu zanen gini ne daga unguwar GRA. Su ɗauko hoton fili ko na rukunin shagunan da ba a buɗe ba, su ce in cika shi da jama'a don mai saye ya ga yadda wurin zai kasance. Sauran 'yan sana'ar tamu sai su kwaso Turawa da gajeren wando, wani ma yana jan kare, su jibga su a tsakiyar Katsina. Abin yana ba ni haushi. Ni nawa mutanen da kaina nake gina su: mai babbar riga, mai hijabi da goyo, ɗan acaɓa ya jingina yana jiran fasinja. Ina alfahari da su ƙwarai a lokacin.

Jikin gidanmu akwai wani kango da mai shi ya kai linta ya tsaya. A ciki wani dattijo yake zaune da matarsa, mu duka Baba muke ce masa, ita kuma Inna. Daga wani ƙauye suka gudo, yamma da gari, bayan 'yan bindiga sun shiga masu har sau uku. Manomi ne mai rumbuna, amma a birni faskare ya koma yi. Ya yi damina biyu a kangon. Idan hadari ya haɗu sai ya ajiye gatari ya tsaya yana kallon yamma, ba ya magana da kowa. In kuwa ya sami mai saurare, labarinsa ɗaya ne: gonarsa ta bayan rafi, da tsamiyar ƙofar gidansa, da dakalin da ya gina da hannunsa a ƙarƙashinta. Na ji labarin dakalin nan har na gaji, amma ban taɓa riƙe sunan ƙauyen ba. Wannan ma laifina ne.

Wata rana da hantsi wani Alhaji ɗan kwangila ya shigo shagon. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙo mani wayarsa. Hotunan wani ƙauye ne, direbansa ya ɗauka a gurguje. Ga rijiya an yi mata sabon siminti, ga ajin makaranta biyu an shafa masu fenti, sauran garin kuwa tsit, ko kaza babu. Wasu ɗakunan babu jinka, bangon ya yi baƙi da hayaƙi.

"Malam, so nake ka cika mani shi da mutane," in ji shi. "Waɗanda suka ba da aikin suna son su ga jama'a sun koma suna amfani da shi."

Na ce, "To sun koma ɗin, Alhaji?"

"Za su koma, in sha Allahu. Rahoto ne kawai, daga nan sai ofis, ba wanda zai gani."

Ban ƙara tambaya ba. Gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce, aikin ne ya ja ni. Ban taɓa samun gari guda babu kowa a ce in raya shi ba.

Na zauna masa sosai. Na goge baƙin hayaƙi daga bango, na mayar da jinka inda babu. Na sa mata uku a bakin rijiya, ɗaya ta sunkuya tana jan guga, har jiƙar ƙasa na yi a ƙarƙashin bokitinta. Na watsa awaki. A hoto na ƙarshe akwai wata ƙofar gida da itaciya da dakali, kuma duk yadda na cika gefe da gefe, ido sai ya koma kan dakalin nan da ba kowa. Sai na gina wani magidanci mai shuɗiyar riga, na zaunar da shi ya ɗan ba da baya don kada in sha wahalar fuska. Na jingina masa fartanya a bango. Na cire masa takalma na ajiye su gefe, don na lura haka mutanen karkara ke yi in sun zauna hutawa. Kwana biyu na yi ina saukar masa da inuwar ganye a kafaɗa, ɗigo-ɗigo, daidai da yadda ta faɗi a kan dakalin. Da na gama ni kaina na tsaya ina kallonsa. Alhaji ya zo ya gani, ya ce, "Kai, Malam, hannunka da albarka," ya tafi.

Ba a yi wata ɗaya ba, gab da faɗuwar damina, na dawo bayan la'asar na tarar da mutane sun taru a ƙofar kango, yawancinsu 'yan gudun hijira irinsu Baba, sun yi da'ira kan wayar wani maƙwabcinmu. Hoton da aka ce daga nan sai ofis, ga shi yana yawo a wayoyi, an rubuta a ƙasa wai zaman lafiya ya dawo. Baba ya hango ni ya yafito ni.

"Ɗana, zo ka gani, kai ka san kan abin nan. Garinmu ne. Ga gidana, ga tsamiyata." Ya ɗora yatsa a kan mai shuɗiyar riga. "To wanga wane ne bisa dakalina?"

Na ce, "Baba, hotunan yanzu ba abin yarda ba ne. Haɗa su ake yi a kwamfuta."

Ya girgiza kai. "A'a. Gani ya kori ji. Dubi inuwar tsamiya bisa kahwaɗarshi. Shekara talatin ina zama nan, haka take sauka da hantsi, ba ta kuskure. Wa zai san wannan in ba ya zauna wurin ba? Kuma dubi, takalma ya tuɓe. Mai wucewa ba ya tuɓe takalma, ɗana. Wanga ya zama mai gida. Ga hwartanya nan, gonata za shi."

Wani daga cikin taron ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Kalma uku ce ta rage mani: ni na yi. Ban faɗa ba. Na dubi fuskokin da ke wurin, akwai wanda aka kashe wa 'ya'ya, akwai wadda har yanzu ba ta san inda mijinta yake ba, na ji ba zan iya cewa ni na zauna ƙarƙashin fanka na goge hayaƙin gidajensu ba. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba. Na ce a raina zan same shi shi kaɗai in gaya masa. Washegari na ce sai ya gama faskare. Jibi na ce sai bayan Juma'a. Ranar Alhamis aka yi ruwan shuka. Ranar Juma'a da safe na leƙa kangon, na tarar da Inna ita kaɗai tana share ruwan da ya shigo masu. Ta ce ya fita tun bayan asuba da ɗan buhun irin gero, zai je ya ga wanda ya shigar masa gida, in ya ga da hali ya dawo ya ɗauke ta.

Na hau babur na je tasha a guje. Direban da ya ɗauke shi ya ce a mararraba ya sauke shi, don motar haya ba ta shiga hanyar nan tun bara, ya ce ya ga dattijon ya saɓa buhu ya miƙi hanya a ƙasa. Na kira Alhaji, raina a ɓace, na faɗa masa abin da ya faru, har da maganganun da ban saba faɗa wa babba ba. Ya bari na gama, ya ce, "Ni na ce ya tafi? Kuma ai ba ni na zana ba." Ya kashe waya. Na tsaya a tashar ina huci.

Gero ya fito, ya yi kara, ya fid da kai. Ba labari. Babu wanda ya ce ya gan shi da rai, babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Na daina bi ta ƙofar kangon, nakan zaga ta lungun baya kamar ɓarawo.

Ana cikin kaka sai ga Inna a shagona. Ban san ta san wurin ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, muka gaisa, na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta ce an gaya mata ni na san aikin hoto, shi ya sa ta zo. Ko zan duba mata in an sake ɗauko wani hoton garin, wataƙila a gan shi a ciki, ko daga nesa ne.

A nan na faɗa mata. Ban rage komai ba: Alhaji, rijiya, matan, awakin, mai shuɗiyar riga. Na ce babu kowa a garin ranar da aka ɗauki hoton, ni na zuba su, kuma na san haka ranar da Baba ya nuna mani. Ina magana hawaye na zuba, ita ko nata idon a bushe. Na so ta zage ni, wallahi na so.

Can ta ce, "To shi wanga da ka aje, ɗauke shi daga ƙohwar gidanmu."

Na buɗe aikin a kwamfuta, na juya mata fuskar kwamfutar ta gani. Abin da na yi kwana biyu ina yi, taɓawa ɗaya ya ɓace. Na cire fartanya, na cire takalma, na mayar da hayaƙin bango yadda yake. Sai dakali da tsamiya da ƙofa a buɗe.

Ta matso kusa, ta ƙura ido ta daɗe.

"Haka muka baro shi," in ji ta. "Da wannan ka nuna mashi, da yana nan yana hwaskare."

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta gyara mayafinta, ta fita. Har yau tana kangon. Gatarin Baba yana jingine a bayan ƙofa, an sha zuwa aro, ba ta ba kowa.